Wasannin Kwamfuta, Son Tarihi da Haƙƙin Mutanen Gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da manya da yawa suke yi wa kallon shirme, wato shaƙuwar da matasa, har ma da magidanta, suke yi da wasannin kwamfuta da na waya, musamman waɗanda aka gina a kan tarihin al'ummomin duniya. A ganina wannan shaƙuwa ba abin raini ba ce, sai dai tana da wani aibi da masu ita ba sa son a taɓo, kuma a cikin gida yake fara bayyana.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai irin wannan wasa ba, zai yi mamakin abin da ake tsinta a ciki. Wasan Civilization, wanda ya fara fitowa a 1991, yana ba ɗan wasa al'umma guda ya rene ta tun daga zamanin da ba a san rubutu ba har zuwa zamanin harba kumbo sararin samaniya, yana gina birane, yana ƙulla cinikayya da maƙwabta, yana yaƙi ko sulhu. Daga cikin sarakunan da aka sa a wasu fitowar wasan akwai Mansa Musa na daular Mali, kuma yaron da ya fara jin sunansa a nan yakan tashi ya bincika, sai ya tarar da labarin hajjinsa na 1324 da ɗimbin zinariyar da ya rabar a Alƙahira har darajarta ta faɗi. Haka kuma kamfanin Ubisoft, bayan ya fitar da wasan Assassin's Creed Origins a 2017, ya ƙara masa wani sashe a 2018 wanda babu faɗa a cikinsa, mutum yana yawo ne kawai a titunan Iskandariya ta dā a Masar ana yi masa bayanin abin da yake gani. Duk abin da zai sa matashi ya buɗe littafin tarihi da kansa ba tare da an tilasta masa ba, bai kamata a yi masa kallon banza ba.

Amma an yi waɗannan wasanni ne domin nishaɗi, shi ya sa suke cakuɗa zamani da zamani yadda ya yi musu daɗi. A cikin Civilization mutum yana iya ganin Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya wanda duniya ta sani da ƙin zubar da jini, yana yi wa maƙwabtansa barazana da makamin nukiliya. Sannan akwai guntattakin sanin da masoya tarihi suke yawo da su, kamar cewa Kiliyofatra, sarauniyar Masar ta dā wadda ta rasu a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa, ta fi kusa da saukar ɗan Adam a kan wata a 1969 fiye da gina babbar dalar Giza. Maganar gaskiya ce, amma sanin ta bai mai da mutum masanin tarihin Masar ba, kuma abin takaici ne yadda wasu suke mayar da kowace hira fagen gasa, suna katse abokin magana domin kawai su nuna sun fi shi sani.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zaman gida. Miji ya dawo daga aiki, ya toshe kunnuwansa, idanunsa a kan allo, matarsa ta zo da maganar da ta wuni tana jiran ta faɗa masa, sai ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya waiwayo ba ya ce, “Saura kaɗan, bari in gama wannan zagayen.” Zagayen kuwa ba ya ƙarewa, domin an tsara wasan ne ta yadda kowane mataki yake buɗe wani. Ta gaji da tsayuwa ta koma, maganar ta kwana a cikinta, gobe ma haka, har ta daina kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, inda ta ce ana gane ta idan mutum ya kasa iya sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci na tsawon wata 12. Mafi yawan masu wasa ba sa kaiwa nan, amma aure da abota suna fara rauni tun kafin a kai ga likita.

Su ma mutanen gida suna da nasu haƙƙin da za su sauke. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma uban da ya ƙwace waya da tsawa ba tare da ya taɓa tambayar ɗansa abin da yake ginawa a ciki ba, ya rufe wata ƙofar hira da da wuya ta sake buɗuwa.

Ina kuma ba da shawarar wannan jarida ta ware wani ɗan shafi inda malaman tarihi za su riƙa duba abin da waɗannan wasanni suke nunawa, su bayyana inda suka dace da gaskiya da inda suka ƙara gishiri, domin iyaye da 'ya'yansu su samu abin karantawa tare.

Wassalam,
Wani mai karatu