Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan tsohuwar shari'arsa

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ƙanwarka ta shaida mini an sake hana ka aiki saboda hukuncin nan na shekarun baya, har wai ka ce ka haƙura da nema. Wannan haƙurin ban yarda da shi ba. Ka yi laifi, ka biya tara, ka gama wa'adin sa ido da kotu ta ɗora maka. Saura abin da ke rubuce a fayil, shi ma doka ta tanadar masa mafita.

A Amurka kowace jiha da dokarta, don haka kada ka bi zancen abokin da ke wata jiha. Wasu suna share laifin ɗungurum, wasu kuwa kulle fayil suke yi: yana nan, amma mai ɗaukar aiki da mai ba da hayar gida ba sa ganinsa. Taku ta New York kullewa ta fi yi. Tun 2017 mutum yana iya roƙon alƙali ya kulle masa hukunci har biyu bayan shekara 10, muddin babban laifi bai wuce ɗaya a ciki ba. Sai kuma sabuwar dokar da Gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu a Nuwamban 2023, ta fara aiki a Nuwamban 2024. A ƙarƙashinta fayil yana kulluwa ba sai ka roƙa ba: ƙaramin laifi bayan shekara 3, babba bayan 8, daga ranar hukunci ko ranar fitowa daga kurkuku, in babu wata tuhuma a kanka kuma ba a sa maka ido. Kisan kai da laifukan lalata ba sa ciki. Amma an ba kotuna har Nuwamban 2027 su gama da tsofaffin fayiloli, saboda haka kada ka zauna kana zaton naka ya kullu. Tashi ka bincika. Kuma ko an kulle, 'yan sanda da kotu suna gani, haka masu ɗaukar ma'aikatan kula da yara ko tsofaffi, inda ake ɗaukar zanen yatsu.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, ka karanta shi a natse. Kai ba ɗan ƙasa ba ne tukuna, takardar zama ce a hannunka. Hukumar shige da fice ta gwamnatin tarayya ce, babu ruwanta da kullewar jiha. A wurinta hukunci yana nan daram. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko an taɓa kama ka, ko da an share ko an kulle. Ranar da ka zauna da biro a gaban wannan layin, zuciya za ta raya maka ka ce a'a tunda an kulle. Kul! Ƙaramin laifi sau da yawa lauya yana samo masa hanya, ƙarya kuwa tana iya jawo a ƙwace maka zama ɗan ƙasar ko bayan an ba ka. Don haka tun fayil bai kullu ba, je wurin akawun kotun da ta yi maka shari'a ka karɓi takardar da ke nuna yadda aka ƙare, mai hatimi, kwafi biyu ko uku, ka adana. Kuma kada ka hau jirgi ka bar ƙasar, ko don ganinmu, sai lauyan shige da fice ya duba takardar ya ce babu matsala. Kewa ba ta kisa.

Su kuma kamfanonin da ke sayar wa masu ɗaukar aiki tarihin mutane, sukan riƙe tsohon bayani. Dokar tarayya ta 1970 ta wajabta wa wanda zai ƙi ɗaukarka saboda irin wannan rahoto ya ba ka kwafinsa. In akwai kuskure ka rubuta wa kamfanin, galibi kwana 30 gare su su bincika. Waɗanda suka ƙi ka kwanan nan, sun ba ka kwafin?

Masu tallar wanke suna cikin mako guda a intanet, kada ka ba su ko dala ɗaya. Ƙungiyar Legal Aid Society a nan birninku tana da lauyoyi kyauta ga mai ƙaramin ƙarfi, ka fara da su. In an buƙaci kuɗin takardu ka faɗa mini, kada ka ji nauyi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ka kira ni da zarar takardar kotun ta shiga hannunka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka