A Daina Goge Farar Hodar Da Ke Kan Ganyen Wannan Tsiro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu sha'awar tsirran ado game da wani tsiro da nake ganin ana cutar da shi da sunan kulawa. Masana suna kiran sa Cotyledon orbiculata, sunan da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya ba shi tun 1753, kuma asalinsa daga kudancin Afirka ne, inda yake fitowa a tsakanin duwatsu da busassun wurare irin na yankin Karoo. Ganyensa kewayayye ne mai kauri, cike da ruwa, launinsa kamar na azurfa, sau da yawa kuma da siririn jan layi a gefensa.

Wannan launin ne ya sa ake son sa, kuma shi ne abin da aka fi lalatawa. Mutane da dama idan suka ga farar hodar da ta lulluɓe ganyen sai su zaci ƙura ce ko fumfuna, su ɗauko jiƙaƙƙen tsumma su goge ta tas. Alhali kuwa wani abu ne mai kama da kakin zuma da tsiron yake fitarwa da kansa domin ya kare shi daga zafin rana, ya rage masa asarar ruwa, ya kuma sa ruwan sama ya gangare ba tare da ya kwanta a kan ganyen ba. Ko yatsa aka ɗora, za a ga sawunsa ya fito kore sarai a tsakiyar farin, kuma wurin ba ya komawa yadda yake, sai dai a jira sababbin ganyaye. Saboda haka a riƙa ɗaga shi ta tukunya, idan ƙura ta hau shi a hure ta a hankali, ban ruwa kuma a yi shi a gindi.

Ban ruwan ma yana buƙatar haƙuri, domin tsiro ne da yake rufe ƙofofin numfashin ganyensa da rana ya buɗe su da dare, don haka abin da yake sha kaɗan ne ƙwarai. A ganina, yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe shi. Kafin a ba shi ruwa a soka siririn tsinke har ƙasan tukunya, idan ya fito da danshi a dakata, idan ya fito a bushe a zuba ruwa sosai har ya ɗiga ta hujin ƙasa, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Ganyen da ya yamutse saboda ƙishirwa yakan murmure da zarar ya sha, amma wanda ya yi rawaya ya yi laushi, kara kuma ya fara baƙi daga gindi, alama ce ta saiwa ta ruɓe, kuma a nan abin da ya rage shi ne a yanke lafiyayyen reshe, a bar shi a inuwa na 'yan kwanaki har bakin yankan ya bushe, sannan a dasa shi a busasshiyar ƙasa. Ƙasar ta kasance gauraye da yashi mai kaushi da ƙananan tsakuwa, tukunyar kuma ta yumɓu mai huji ta fi dacewa.

Yana son haske sosai, kuma idan ya rasa sai ya miƙe ya zama siriri, amma wanda ya saba da ɗaki a fitar da shi rana sannu a hankali.

Abu na ƙarshe da nake roƙon masu karatu su riƙe shi ne tsiron yana da guba. A Afirka ta Kudu an san yana jawo wa awaki da tumaki wata cuta da ake kira krimpsiekte, wadda take raunana jikin dabba har ta kai ga kashe ta. Don haka a ajiye shi inda yara da dabbobin gida ba za su kai gare shi ba, kuma kada a watsar da rassan da aka yanke a inda dabbobi suke kiwo.

Na gode, wassalam.

Daga mai karanta jaridarku.