Lauya ko injiniya: a fara shawarar tun daga sakandare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan muhawarar da ke tashi a gidajen Zariya duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin JAMB, wato ko yaro ya nemi harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ya karanta lauya, ko ya nufi ta Samaru ya karanta injiniya. A matsayina na wanda ya daɗe yana koyarwa a sakandare, abin da ke damuna shi ne yawancin iyaye suna shiga maganar ne bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Tun a aji huɗu ake raba ɗalibai. Wanda zai nemi injiniya dole ya riƙe lissafi da fiziks da kemistiri, mai son lauya kuwa sai da adabin Turanci, kuma yaron da ya shekara uku a ɓangare guda ba zai tsallaka ɗaya ɓangaren a wata biyu ba don mahaifinsa ya ga lauya sanye da baƙar riga a talabijin.

Tsawon karatun ma ya kamata a sani. Kowanne shekara 5 ne a Jami'ar Ahmadu Bello, amma ɗalibin lauya sai ya ƙara da makarantar horar da lauyoyi, irin ta Bwari ko ta Bagauda, kafin a ba shi izinin tsayawa a gaban alƙali, kuma kuɗin wannan makarantar ba ƙarami ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Daga nan sai zaman koyon aiki a ofishin babban lauya, inda abin da ake ba matashi sau da yawa da ƙyar yake isar sa kuɗin mota. Ribar tana zuwa, amma a hankali, ga mai haƙuri da yawan karatu. Ba kotu ce kaɗai mafita ba: bankuna da kamfanoni da ma'aikatun shari'a duk suna ɗaukar lauyoyi, kuma wanda ya karanta ɓangaren shari'ar Musulunci a Kongo yana da ƙofar kotunan shari'a.

Shi kuwa injiniya, matsalarsa daban ce. Masana'antun da a da ke ɗibar ɗalibanmu, musamman masaƙun Kaduna, sun durƙushe, don haka takarda kaɗai ba ta wadatar. Wanda ya ɗauki watanni 6 na koyon aiki da ake yi a cikin karatun da muhimmanci, ya iya haɗa wutar sola ko zanen gini da kwamfuta, yakan fara samun na kansa tun kafin ya yi rajista da COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Na san wani tsohon ɗalibina da ya fara da gyaran famfunan burtsatse a Sabon Gari, yanzu shi ke ɗaukar wasu aiki. A ganina injiniya ya fi saurin tsayawa da ƙafarsa, muddin ba mai ƙyamar ɓata hannu ba ne.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantun Zariya su riƙa gayyato lauyoyi da injiniyoyi masu aiki su zauna da 'yan aji uku tare da iyayensu, kafin a raba azuzuwa. Malaman jami'ar ba su da nisa, Kongo da Samaru duk tafiyar a-daidaita-sahu ce.

Na gode.

Wani malamin sakandare,
Tudun Wada, Zariya