Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Bauchi Kan Tallafin Ambaliya a Ƙasar Katagum

Mai girma Gwamna, Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi,

Assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara lafiya.

Ranka ya daɗe, ba sai na ba ka labarin abin da ruwa ke yi wa arewacin jiharka ba. Kogin Jama'are idan ya cika ya batse, ta ƙasar Jama'are da Itas/Gadau yake bi ya gangara Zaki, duk abin da ya tarar a fadama ya kwashe. Gamawa da Shira da Giade su ma sun ɗanɗana. A 2022 an yi ambaliya, a daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum. Kuma duk shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) da hukumar sa ido kan ruwan koguna ta ƙasa (NIHSA) suna fitar da gargaɗi tun kafin a yi shuka, don haka babu jami'in da zai ce abin ya zo masa bagatatan.

Kukana ɗaya ne: tallafi yana zuwa a makare, idan ya zo kuma ba hannun wanda ruwa ya cinye yake faɗawa ba.

Ka duba lokacin da ambaliya ke sauka. Agusta ne zuwa Satumba, gero ya fitar da kai, shinkafa ta yi ciki, rumbu kuwa ya daɗe da zama fanko. Manomi ya ci bashin taki da alkawarin biya a kaka. Dare ɗaya gona ta nutse, ɗakin ƙasa ya rufta, akuyar da ake taƙama da ita ta bi ruwa. Mutumin nan abinci yake buƙata a makon da abin ya faru, yana kwance da iyalinsa a ajin firamare. Amma sai an kafa kwamiti, kwamiti ya zagaya, ya rubuta rahoto, rahoto ya jira sa hannu. Kafin motar kaya ta iso, ya sayar da ragowar dabbarsa a wulaƙance, samarin gidan sun tafi cirani. Ihu bayan hari ke nan.

Sannan rabon. Na ga yadda ake rubuta sunaye a yankinmu: a zauren ɗan siyasa ake zama, wanda ke da uwa a gindin murhu ya shiga takarda ko da ɗigon ruwa bai taɓa katangarsa ba. Matar da mijinta ya rasu, ga marayu, ga ɗaki a ƙasa, ba ta san ma an yi rabo ba sai da ta ga ana wucewa da tabarmi. Wallahi wannan ya fi ambaliyar ciwo, domin ruwa ƙaddara ce daga Allah, wannan kuwa hannun mutum ne ya aikata.

Ranka ya daɗe, a 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ware naira biliyan 3 ga kowace jiha saboda ambaliya. Akwai kuma kason asusun kula da muhalli da jihohi ke samu. Muna roƙo a fito a gaya wa talakan Zaki nawa ya iso mazaɓarsa, me aka saya, wa ya karɓa. Ka riƙe Alƙur'ani ka yi rantsuwa a 2019, ka sake a 2023, cewa za ka yi wa kowa adalci ba tare da son kai ba. Mutanen da ke bakin kogin nan suna cikin kowan da ka ambata, kuma sun tsaya a layi a rana sun kaɗa ƙuri'a.

Gyaran bai fi ƙarfinka ba. Mai unguwa da dagaci da limami sun san gidan da ya faɗi, sun san gonar da ta nutse. Su za a sa su rubuta suna, a karanta a bainar jama'a, a liƙa a ƙofar hakimi yadda duk wanda aka tsallake zai yi magana. A ajiye hatsi a Azare tun watan Yuli, domin idan hanya ta yanke, kayan da ke cikin garin Bauchi ba su da amfani ga na Zaki. Abin da ya fi komai kuma shi ne noman rani. Da ruwa ya janye fadama na nan da danshi, manomi zai iya mayar da wani abu daga asararsa idan ya samu iri da taki da injin ban ruwa kafin Nuwamba ya wuce. Idan aka kai masa a Janairu, an ba shi abin da zai kai kasuwa ne ya ci kuɗin.

Akwai maganar rijiyoyin da ruwa ke gurɓatawa har amai da gudawa ya biyo baya, da kwalbatocin da suka yi wa ruwan yanzu kaɗan. Su ma suna jiran ka. Amma don Allah, Ƙaura, ka fara da takardar sunayen nan, ka sa wanda ka amince da tsoron Allahnsa ya bi ta gida-gida kafin a sake sauke buhu ɗaya.

Wassalam,
Wani manomi daga ƙasar Katagum