A tare ruwa tun daga bakin indararo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in yi magana a kan zaizayar ƙasa a cikin gidajenmu na Tawa, a Nijar, kafin damina ta kama. Mutanen yankinmu na Adar sun san gyaran ƙasa a gona: aikin Keita da ya soma a 1984, da tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, da ta farfaɗo da fako a yankin Illela, duk a nan aka yi su. Amma mutum ya gama jera duwatsu a gona, ya dawo gida ya bar ruwa yana kwashe ƙasar tsakar gida da ta ɗan lambunsa ta rariya. Bayan 'yan shekaru sai saiwar itace ta fito fili, tushen katanga ya tone, zogale da yakuwa su ƙi yin kirki.

Yawancin masu gida daga ƙasa suke soma gyara, su tara buhunan yashi a bakin ƙofa, alhali daga kan rufi ɓarnar take farawa. Milimita 1 na ruwan sama a kan faɗin mita 1 da tsawon mita 1 lita 1 ne. Rufi mai mita 10 da mita 6, in aka yi ruwan milimita 30, zai zubo da lita 1,800, wato ganga 9 masu cin lita 200, kuma duk ta bakin indararo biyu ko uku zai faɗo. Ba ƙasar da za ta jure wannan duka. A ƙarƙashin kowane indararo a haƙa wuri mai faɗin santimita 60, zurfin 15, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora manyan duwatsu a kai. Mai hali ya ajiye ganga, amma ya yi wa ambaliyarta hanya, domin ba ta daɗewa take cika. Daga nan a ja ruwan da 'yar hanya mai duwatsu zuwa gindin itace ko lambu.

Sai gangaren gidan kansa. Ido yana ruɗi wajen gane shi, don haka a samo tiyo mai garai-garai na mita 10, a cika shi da ruwa, a kori kumfa, a ɗaura bakunansa a sanduna biyu da aka yi wa alama a tsayi ɗaya. Duk inda ruwa ya tsaya a kan alamar sandunan biyu, wuraren nan daidai suke. A kafa turaku, a bi su da layi. A kan layin a tone rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15 da faɗin 30, a zaunar da manyan duwatsu ta ɓangaren gangare, a cike ta sama da ƙanana, har jerin ya tashi santimita 20 zuwa 25 bisa ƙasa. Kada a sa siminti. Aikin jerin shi ne ya rage wa ruwa gudu ya tace shi, ruwa ya wuce, laka ta zauna. Wanda ya liƙe shi ya gina madatsa, ruwa zai zagaya ta gefe ya yanka sabon kwari. Haka kuma in layin ya karkata, duk ruwan zai taru a wuri ɗaya ya fasa. Wanda ya aza duwatsu bisa ƙasa ba rami kuwa, ruwa zai rarake ta ƙarƙashinsu. Da damina ta zauna a dasa gamba ko jema a jikin jerin, tazarar taƙi ɗaya, saiwarsu ta ɗaure wurin.

Gargaɗi babba a nan: kada a tsayar da ruwa kusa da ginin ƙasa ko ramin masai. A bar aƙalla mita 3, kuma rariya ta zauna a buɗe, domin ruwan watan Agusta yakan fi ƙarfin kowane shiri. Ɗaki ya fi lambu tsada.

Inda ƙasa ta riga ta zama fako, tassa ce maganinta: rami mai faɗin santimita 25 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka tono ta ɓangaren gangare, a zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu. Tazara santimita 80, kuma ramin layi na biyu ya faɗa tsakanin biyu na layin farko. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro. A jigawa kuwa tassa ɓata ƙarfi ce, yashi zai cike ta tun iskar hadarin farko.

Abin da ya fi damuna shi ne shara. Tsintsiya mai ƙarfi safe da yamma tana kwashe lallausar ƙasa tare da ganye zuwa juji, ta bar wurin tsirara, ɗigon ruwa ya daddaɓe shi ya yi ɓawo. Tsafta wajibi ce a wurin zama da madafa, amma iyayenmu mata su taimaka su bar gindin itace da lambu. A rufe su da karan gero, ganyen bedi ko ɓawon gyaɗa, kaurin santimita 5, a danne da rassa saboda iska. Gara za ta zo, kuma a nan amfani take yi, ramukanta ne ke buɗe wa ruwa hanya. A dai janye karan taƙi ɗaya daga jikin ƙaramin itace, a nisanta shi da azara da ƙofar katako. Awaki ma a yi musu danga, kofatonsu na niƙe ƙasa.

In kwari ya riga ya buɗe, a soma daga kansa. A jera duwatsu a gicciye, a cusa bakunansu cikin gaɓa biyu, tsakiya ta fi gefe ƙasa don ruwa ya haura ta nan, a shimfiɗa wasu a inda zai faɗo. Cika shi da leda da shara ba ya riƙe komai, gidan maƙwabci kawai zai koma. A gama wannan aiki cikin Afrilu da Mayu, sannan bayan ruwan farko a zagaya a toshe duk inda ya ɓulle.

Wassalam.

Wani malamin gona,
Tawa