Ɗigon ruwan furanni zai iya raba ni da wannan fargabar?

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ke da masu taya ki wannan shiri. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina koyarwa a wata firamare a nan Zariya. Don Allah a sakaya sunana.

Wata bakwai ke nan da masu garkuwa suka shigo unguwarmu cikin dare suka ɗauke maƙwabcinmu. Shi Allah ya kuɓutar da shi, ni kuwa tun daren nan ban koma daidai ba. Da an idar da sallar isha'i sai gabana ya fara faɗuwa. Ko akuya ce ta goga jikinta a ƙyauren gida sai in zabura, zufa ta keto mini, zuciyata tana dukan uku-uku. Nakan tashi sau huɗu in duba sakata. Ran nan a aji wani yaro ya hura leda ya fasa, sai ga ni tsugune a bayan tebur da alli a hannu, yara sun zuba mini ido.

Ina azkar safe da yamma, Inna ma ta aiko da rubutu na sha.

Watan jiya ƙanwar maigidana ta dawo daga Ingila da wata 'yar kwalba mai suna Rescue Remedy, ta ce in riƙa ɗiga huɗu a harshe idan abin ya motsa. Wallahi Hajiya, daren farko sai kiran asalatu ne ya tashe ni.

Da na bincika a waya, sai na ga wani likita ne ɗan Ingila, Edward Bach, wanda ya rasu a 1936, ya haɗa irinsu har 38, kowanne da halin zuciyar da ya ware masa. Mimulus na tsoron abin da ka san sunansa ne, Aspen na zullumin da ba ka san dalilinsa ba, Rock Rose kuma na firgici mai tsanani. Tawa kwalbar haɗin furanni biyar ce. Ana zuba furen a kwanon gilashi mai ruwa, a bar shi a rana kamar awa uku, ko a tafasa, a tsame furen, a haɗa ruwan da barasar da ake kira burandi don kada ya lalace, sannan a ƙara tsinka shi. Da na kai nan jikina ya yi sanyi. Na ɗauko kwalbar na duba rubutun bayanta, ga barasa a jerin kayan haɗin. Mako uku ina sa wannan a bakina, wani lokacin ma da alwala.

Abu na biyu, a 2010 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maganin, har da na ɗalibai masu fargabar jarrabawa, ya ga waɗanda aka ba na gaske ba su fi waɗanda aka ba na bogi samun sauƙi ba. To ni barcin da na samu fa? Yarda ce kawai da na yi da shi? Idan yardar ce ta kwantar mini da hankali, laifi ne in nemi irinsa marar barasa, tunda akwai?

Zuciyata ta fi karkata ga zuwa asibitin koyarwa na Shika in ga likitan ƙwaƙwalwa, domin ɗigon bai hana ni zabura da rana ba. Amma Baban yara ya ce muddin aka gan ni a wannan layin, kafin magariba dangi sun ce na taɓu. Ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, mutuncina yake karewa. Ta yaya zan shawo kansa ba tare da ya ga na raina maganarsa ba? Kuma don Allah ki tambayar mini malamin da kike gayyata hukuncin abin da na sha cikin rashin sani.

Yau kwana biyar kwalbar tana cikin jakata ban buɗe ta ba, barcin kuma ya sake gudu. Zan kasa kunne ranar shirin.

Taki,
wata 'yar uwa daga Zariya