Wasiƙa Daga Bamingam a Kan Wata Tsohuwar Bindiga

Bamingam, Ingila.

Zuwa ga aminina, Sarkin Baka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya, in ban da sanyin da ke kora mu ɗaki tun la'asar.

Na san sai ka yi dariya da ka ga na tono sunanka na makaranta. Da dalili. Kwanakin nan na ga abin da ya tuno min da marigayi kakanka, yadda muke tsugunawa a zaure yana ɗura albarushi ta bakin bindigarsa, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, mu kuwa ko tari an hana mu.

Akwai wani dattijo Bature maƙwabcina, tsohon ma'aikacin ƙarfe ne a masana'anta, ya yi ritaya. Gaisuwarmu ba ta wuce ta kan shinge ba, sai ranar da aka jefa wasiƙarsa a gidana bisa kuskure na kai masa. Ya ce in shigo in sha shayi. Hira ta kai mu ga farauta, na ba shi labarin kakanka, kawai sai ya miƙe ya buɗe wani kabad na ƙarfe ya fito da wata tsohuwar bindiga.

Mai baki biyu ce, gefe da gefe, da guduma biyu a sama kamar kunnuwan zomo. Amma ba irin ta harbin tsuntsu ba ce da ke watsa ƙananan dalma. Cikin bututunta akwai zane a murɗe, dalma guda ɗaya take jefawa, ƙatuwa, irin wadda hafsoshin Ingila suka riƙa tafiya da ita Indiya don harbin manyan namun daji. Lamba 12 ce. Ya bayyana min cewa ma'anar lambar ita ce, in ka mulmula dalma daidai faɗin bakin, guda 12 ne za su cika nauyin laba ɗaya. Ka ƙiyasta girman abin, ya kusa kan babban yatsanka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harsashin. Kwansonsa na da wata 'yar ƙusa da ta leƙo daga gefe, kusa da gindi. Su suna ce masa finfaya, ni kuwa na raɗa masa mai ƙusa. In ka karya bindigar ka saka shi, ƙusar na zama a cikin wata 'yar tsaga a saman bututun, ta fito waje. Ka ja kunama, guduma ta faɗo a kanta, ita kuma ta daki 'yar hular wuta da ke ɓoye can cikin kwanson, albarushi ya kama. Wani maƙerin bindiga na birnin Faris, Casimir Lefaucheux, shi ya yi rajistar dabarar a 1835, wani Houllier ya inganta ta a 1846. Ingilishi ba su waiwaye ta ba sai da aka baje ta a babban bikin baje koli na Landan a 1851, sannan Joseph Lang ya fara ƙera irinta. Ba ta daɗe tana tashe ba. A 1861 George Daw ya kawo harsashi mai hula a tsakiyar gindi, irin wanda ka sani yau, kafin 1870 masu kuɗi sun juya wa mai ƙusa baya, da yawa ma aka kai su wajen maƙera aka sauya su. Ta dattijon nan tana cikin waɗanda suka tsira yadda aka ƙera su.

To ga inda gizo ke saƙa: babu kantin da za ka shiga ka ce a ba ka harsashinta. Kamfanonin da suka yi shi, irin su Eley na Ingila da Gévelot na Faransa, sun daina tun tuni. Tsofaffin da suka rage na masu tara kayan tarihi ne, ba wanda zai yi asarar harba su. Wanda yake son jin muryarta dole ya haɗa nasa. Shi dattijon da kansa ya fafe kwansuna na tagulla a injinsa, guda ashirin kacal, yana riƙe da su kamar ƙwai. In ya harba ya wanke, ya sake cikawa. Na zauna na kalle shi wani yammaci: ɗan hantsaki a hannu, tabarau biyu a hanci, yana lallaɓa hular nan ta zauna daidai ƙarƙashin ƙusa a can ƙasan kwanso inda yatsa ba ya kaiwa. Ƙusar in ta gajarce guduma ba za ta same ta da ƙarfi ba, in ramin ta ya yi faɗi hayaƙi da wuta su tsirto ta nan. A sa'a guda, shida ya gama. Kuma da ya gama bai yarda sun taɓa juna ba, kowanne da gurbinsa a akwatin katako, don harsashin da ƙusarsa ke waje in ya faɗi a kanta yana iya tashi. Wannan ma na cikin abin da ya kashe kasuwarsa.

Albarushi kuwa baƙi kaɗai, irin na kakanka. Na tambaye shi ko ba za a sa na zamani marar hayaƙi ba, ya dube ni kamar na ce a zuba fetur a fitilar ƙwai. Na zamanin sai a 1884 aka ƙirƙiro shi a Faransa, bayan an gama ƙera bindigar da shekaru, kuma bututunta na ƙarfen Damaskas ne, wato sili-silin ƙarfe da aka murɗa aka nannaɗe aka dake su suka haɗe. Kyau kamar zanen lalle, amma ba a yi shi don wancan ƙarfin ba. Ya ce akwai masu yatsu takwas da za su ba ni shaida.

Duk wannan somin taɓi ne. Ainihin wahalar, wadda ta cinye masa kusan shekara, ita ce sa bakunan biyu su yi magana da murya ɗaya. Ashe bututun nan biyu ba a miƙe suke sak ba, sun ɗan karkato wa juna ta gaba. Dalili shi ne in ka harba na dama, bindigar na fizgewa dama tun dalma ba ta fita ba, na hagu kuma ya fizge hagu. Sai maƙerin ya like su da dalma, ya harba, ya duba, ya narke likin, ya matsar da wani ɗan ƙarfe da ke tsakaninsu, ya sake likewa, har sai duka biyun sun faɗa wuri ɗaya. Amma da nauyin dalma guda da ma'aunin albarushi guda ya yi wannan aikin. Ka sauya ɗaya, auren ya mutu. In dalmar ta yi nauyi ko ta yi jinkiri, kowane baki ya kama gabansa, na dama dama, na hagu hagu. In ta yi sauri da yawa, su gitta wa juna. Asali akwatin bindigar na zuwa da abin zubin dalmarta da ma'auninta, amma na wannan sun ɓace, maƙerin kuma ƙasa ta rufe masa ido fiye da shekara ɗari. Sai dattijon ya koma lalube. Yana da wani littafi da ya cika da rubutu, kowane harbi biyu da sakamakonsu.

Ranar Lahadin da ta wuce ya tafi da ni filin ƙungiyarsu. Kar ka ɗauka abin sakaka ne. A dokar nan, irin wannan tsohuwa kana iya rataye ta a bango don ado ba tare da lasisi ba, amma ran da ka yi niyyar harba ta sai ka samu takardar 'yan sanda, shi kansa baƙin albarushin da tasa takardar daban. Ya tsaya a yadi 50, ya harba dama, ya harba hagu. Farin hayaƙi ya turnuƙe mu, da warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai, wallahi sai na ji ni a ƙofar fada ranar hawan sallah 'yan bindiga na sakin wuta. Da muka isa allon, ramuka biyu ne kusa da juna, tafin hannuna ya rufe su. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ranar na ƙirga su. Da muka dawo kuma bai zauna ba sai da ya wanke bututun da tafasasshen ruwa, don tokar na jan laima ta ci ƙarfe. Ka tuna kakanka ma haka yake yi, muna cewa wanka yake mata?

A hanya ya nuna min gidan gwajin bindigogi na garin, wanda aka kafa a 1813 kuma har yau yana aiki. Ya ce, da ɗan jin nauyi, unguwar maƙeran nan ta aika da bindigogi masu araha jibgi-jibgi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Na yi shiru kawai. Masu kyau irin tasa ba su ne aka aiko mana ba.

Yanzu ga roƙona. Ta kakanka tana nan, ko an raba ta da gado? In tana nan, ka sa yaro ya ɗauko min hotonta da waya, musamman wajen kunama da duk wani tambari da ke jikin bututun. Na yi wa dattijon alkawari, yana so ya gane ko ƙirar maƙeranmu ce ko ta ƙetaro teku. Kar dai wani ya ce zai gwada ta.

Ka gaida uwargida da yara, ka duba min Hajiya. In an samu mai tahowa, yajina ya ƙare.

Naka har kullum,
amininka na Bamingam.